Daga Oloibiri Zuwa Kolmani: Tarihin Neman Man Fetur A Arewa Da Matsayin Ƙasar Dutsin-Ma Da Kurfi



Tun daga ƙarshen shekarar 2011 da Jamhuriyar Nijar ta fara tace man fetur ɗinta, akwai wata tambaya da ba ta barin majalisun hira a ƙasar Katsina, tun daga tashar mota ta Dutsin-Ma har zuwa bakin kasuwar Kurfi. Tambayar ita ce: tunda maƙwabtanmu na Damagaram sun samu, mu me ya hana mu? Ashe ba ƙasa ɗaya ba ce Turawa suka raba da layi? Da aka yi bikin Kolmani a 2022 kuwa, sai maganar ta ƙara ƙarfi, har wasu na cewa ai man yana nan kwance a ƙarƙashinmu, an dai ƙi haƙowa ne kawai.

To, mai karatu, wannan tambaya tana da amsa, kuma amsar tana cikin tarihin neman man kansa. Don haka sai a gyara zama mu bi shi daki-daki, mu ga yadda ake shirya neman mai a sabon fili, da waɗanda suka gwada a Arewa, da abin da suka taras.

Lokacin Da Ƙasarmu Ta Shiga Lasisi

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ta taɓa kasancewa cikin lasisin neman man fetur. Ga yadda abin ya faru.

Turawa sun ci Katsina a 1903. Tun a 1904 suka fara tura masana duwatsu suna zagaya ƙasar Arewa a kan doki da ƙafa, suna duba irin arzikin da ke ƙasa, kuma ɗaya daga cikinsu, J.D. Falconer, ya wallafa littafi a kan duwatsun Arewa a 1911, daga baya kuma ya zama shugaban farko na hukumar binciken ma'adinai da aka kafa a 1919. A ɓangaren kudu, kamfanin Nigerian Bitumen Corporation ya fara haƙa a yankin da yanzu yake Jihar Ondo a 1908, amma bai kai ga samun abin sayarwa ba. A 1914 gwamnatin mulkin mallaka ta yi doka cewa ba mai neman mai a Nijeriya sai kamfanin da yake na mutanen Ingila.

A ƙarƙashin wannan doka ne aka bai wa kamfanin Shell D'Arcy lasisi a 1938, lasisin da ya haɗe Nijeriya baki ɗayanta, daga Ikko har Daura. Wato a takarda, gonakin Karofi da Makera da Birchi da Wurma duk suna ciki, ko da yake masu gonakin ba su da labari. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, da aka dawo kuma sai kamfanin ya yi abin da kowane mai neman mai yake yi, ya dinga sakin filayen da ya ga ba su da alamar komai, ya tattara ƙarfinsa a kudu. Rijiyarsa mai zurfi ta farko, wadda ya haƙa a Ihuo kusa da Owerri a 1951, ba ta ba da komai ba. Sai a 1956 ya dace a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, aka kuma fara fitar da mai zuwa waje a 1958, ganga 5,100 a kowace rana. Daga lasisi zuwa jirgin farko, shekara ashirin ke nan cif.

Filayen Arewa da Shell ya saki, kamfanin Mobil na Amurka ya karɓi babban ɓangarensu a 1955. Shi ma ya yi 'yan bincike-bincikensa, a farkon shekarun 1960 ya tattara ya koma bakin teku, inda daga baya ya yi arziki. Ke nan kamfanoni biyu manya sun riƙe takardar Arewa sun sake ta. Me suka gani?

Ƙwarya Da Abin Da Ke Cikinta

A nan dole mu ɗan ratse cikin ilimin duwatsu, domin in ba a fahimci wannan ba, sauran labarin ba zai zauna ba.

A bayanin masana, asalin man fetur ƙananan halittu ne na cikin ruwa da suka mutu suka kwanta a ƙasan teku ko tafki, laka da yashi suka yi ta binne su hawa-hawa tsawon miliyoyin shekaru. In binnewar ta yi zurfi, kamar kilomita biyu zuwa huɗu, zafin cikin ƙasa ya kai wajen digiri 60 zuwa 120, sai su dahu su zama mai. In zafin ya zarce haka, sai su koma iskar gas. Bayan haka man yana buƙatar dutse mai ƙofofi, kamar dutsen yashi, inda zai taru, da kuma wani dutsen marar ƙofa a samansa da zai zama murfi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, to babu mai, ko da sauran duk sun cika.

Irin wannan wuri da laka ta taru da kauri, a ɗauke shi kamar ƙwarya da aka cika da tuwo. Jikin ƙwaryar shi ne tsohon dutsen tushe mai tauri, irin wanda ake fasawa a sami tsakuwar gini. Tuwon kuwa shi ne lakar da ta daskare. A cikin tuwon ake neman mai. Arewa tana da irin waɗannan ƙore guda huɗu: ta Tafkin Chadi a Borno da Yobe, ta kwarin Binuwai wadda reshenta ya bi kogin Gongola ta Gombe da Bauchi, ta Bida, da kuma ta Sakkwato, wadda bakin wata babbar ƙwarya ce da cikinta yake Nijar da Mali.

Ta Sakkwato tana da abin mamaki. Kimanin shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, a ƙiyasin masana, teku ya taɓa ratsowa ta Sahara ya kwanta a wurin. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar wannan teku ce. An ma tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa a ƙasar Goronyo, har masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Sai dai lakar ɓangaren Nijeriya ba ta da kauri sosai, kuma tana ƙara sirancewa yayin da aka nufo gabas wajen Katsina.

Yadda Ake Shirya Sabon Fili

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kafa injin haƙa, akwai matakai da ake bi, kowanne ya fi na bayansa tsada, kuma amfanin kowanne shi ne ya rage faɗin wurin da ake nema.

Da farko ana tattara tsofaffin taswirori da rahotanni. Sannan a tashi jirgin sama mai ɗauke da na'urar auna maganaɗisun ƙasa, wadda ke nuna inda dutsen tushe ya nutse da inda ya taso. An yi wa Nijeriya irin wannan awo a shekarun 1970, aka kuma sake yin wani mafi inganci tsakanin 2003 da 2010. Daga nan masana su sauka da ƙafa su ɗebi samfurin duwatsu a kai ɗakin gwaji. In alamu sun yi kyau, sai a shiga aikin sauraren amsa-kuwwar ƙasa: a share dogayen layuka a daji da gonaki, a jera na'urorin saurare, a girgiza ƙasa da manyan motoci ko ƙaramin nakiya, kwamfuta ta zana hoton abin da ke ƙasa daga yadda ƙarar ta dawo. Duk da haka, ba mai iya rantsuwa cewa akwai mai sai an haƙa rijiyar gwaji, kuma a sabon fili yawancin rijiyoyin farko busassu suke fitowa. In an dace, sai a ƙara haƙa wasu don a san yawansa, a kuma lissafa ko zai biya kuɗin bututu.

Dokar man fetur ta 1969 ta bi wannan tsari sau da ƙafa. Lasisin farko na dubawa yana iya kai murabba'in mil 5,000, na shekara ɗaya. Na biyu, wanda ke ba da damar haƙa, bai wuce mil 1,000 ba, na shekara biyar. Na uku, na ɗibar mai, mil 500 ne, na shekara ashirin. Mai karatu zai lura cewa fili yana raguwa, lokaci yana ƙaruwa. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta canza sunaye da ma'auni, ta kuma ɗora kula da harkar lasisi a wuyan hukumar NUPRC, amma hikimar tana nan yadda take. Haka nan tun 1992 doka ta wajabta a yi nazarin illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi.

Rijiyoyi 23 A Borno

Da kamfanonin waje suka juya wa Arewa baya, sai gwamnati ta ɗauki aikin da kanta. A 1976 aka fara bincike a ƙwaryar Tafkin Chadi, shekarar da aka naɗa marigayi Muhammadu Buhari, mutumin Daura, Kwamishinan Man Fetur na Tarayya. Shi ne kuma ya fara shugabantar hukumar gudanarwar kamfanin NNPC da aka kafa a 1977. Abin da ya ƙarfafa gwiwa a lokacin shi ne labarin da ke zuwa daga ƙasar Chadi, inda kamfanin Conoco ya sami mai a tsakiyar shekarun 1970.

Daga shekarun 1980 zuwa na 1990, NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a Borno. Biyu daga ciki, Wadi da Kinasar, sun nuna iskar gas wadda ba ta kai ta kasuwanci ba. A 2000 aka dakatar da aikin. Ita kuwa Chadi, a 2003 ta fara tura manta na Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa tashar Kribi a Kamaru.

A zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa aka sake ɗauko aikin Borno, da sabuwar na'urar saurare da ta fi ta da gani, tare da wani kamfanin ƙasar Sin. Shi Malam Umaru, in ba a manta ba, a makarantar firamare ta kwana ta Dutsin-Ma ya yi wani ɓangare na karatunsa daga 1962, kuma ilimin sinadarai ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello. Amma kafin aikin ya kai ko'ina, rikicin Boko Haram ya cinye yankin. A watan Yulin 2017 aka yi wa ayarin masu binciken kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka kashe sojoji da 'yan sa-kai da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka kuma sace uku daga cikin ma'aikatan, waɗanda ba a sako su ba sai a watan Fabrairun 2018. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai a watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da haƙa sabuwar rijiya a Wadi.

Kolmani

A ɓangaren Gongola kuwa, a shekarun 1990 gwamnati ta raba filaye ga kamfanonin Shell da Chevron da Elf. Kowannensu ya haƙa rijiya ɗaya tak. Ta Elf a Kuzari da ta Chevron a Nasara ba su ba da komai ba. Ta Shell, wadda aka haƙa a Kolmani a 1999, ta nuna iskar gas kimanin kubik biliyan 33 a ma'aunin ƙafa, wadda kamfanin ya ga ba ta isa a yi wahala a kanta ba. Dukkansu suka tafi.

Shekara ashirin bayan haka, a zamanin marigayi Maikanti Baru yana shugaban NNPC, aka koma wurin bayan an sake sauraren ƙasa da sababbin na'urori. A watan Fabrairun 2019 aka fara haƙa rijiya ta biyu, aka nutsa fiye da ƙafa 13,000, wato sama da kilomita huɗu, a watan Oktoba kuma aka ba da sanarwar an sami mai da gas. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a kan iyakar Bauchi da Gombe, inda gwamnati ta ce akwai ganga fiye da biliyan ɗaya. Filayen biyu masu lamba 809 da 810 suna da alaƙa da kamfanin NNDC, mallakar jihohin Arewa. Daga ranar bikin zuwa 2025 dai ba a kai ga sayar da man Kolmani a kasuwa ba. Samun mai mataki ne guda, kai shi kasuwa kuma wani dogon zango ne daban.

Darasin Nijar

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Gaskiyar magana, ba a haƙo mai a Damagaram. Birnin Zinder kansa a kan duwatsu yake zaune, irin dai na Dutsin-Ma, abin da ya sa ma ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa. Matatar SORAZ ce kawai take kimanin kilomita 50 arewa da birnin. Man yana zuwa ne ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 daga Agadem, can cikin hamadar jihar Diffa, inda ƙasa ta tsage tun zamanin da, laka ta cika ramin har kaurinta ya haura kilomita goma.

Ko can ɗin ma ba dare ɗaya aka samu ba. Tun 1975 kamfanin Texaco ya ga alamar mai a yankin. Esso da Elf da Petronas duk sun shiga sun fita, domin a lissafinsu man bai isa ya biya kuɗin bututu daga tsakiyar hamada zuwa teku ba. Sai a 2008 kamfanin CNPC na Sin ya karɓi filin bisa sharaɗin zai gina matata, aka kuma buɗe ta a watan Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana. Shekara 36 ke nan tsakanin alamar farko da litar farko. Lallai mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Akwai lokacin da Jihar Katsina ta kusa cin gajiyar man Agadem. A watan Yulin 2018, a gaban Shugaba Buhari da Shugaba Mahamadou Issoufou, ƙasashen biyu suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar jawo bututu daga Nijar da gina matata a Jihar Katsina, inda aka ambaci Mashi. Ba a gina ta ba. Nijar ta juya ta ja bututunta na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, aka yi lodin jirgin farko a watan Mayun 2024.

To Ina Dutsin-Ma Da Kurfi?

Sunan garin ma ya ba da amsa. Kamar yadda ake ba da labari, wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a kan dutsen, aka riƙa cewa Dutsin Ma. Wannan dutse, da ire-irensa da ke tsaitsaye a ƙasar Kurfi, su ne jikin ƙwaryar da muka yi bayani. Masana sun ƙiyasta shekarun irinsu da kimanin miliyan 600, wasu ma sun fi haka nesa ba kusa ba. Daga narkakken dutse suka daskare, ko kuma zafi da matsi suka toya su, don haka ba su ɗauke da ragowar halittun da ke zama mai. Duk mai haƙar rijiyar burtsatse a yankin ya san wannan a aikace: bayan 'yan mitoci na jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse, sai injin ya ci karo da fa, ruwa ma sai an dace da tsaga. Mafi yawan tsakiya da kudancin Jihar Katsina haka suke. A can arewa ne, wajen kan iyaka da Nijar, yashi da laka suka lulluɓe dutsen, kuma lulluɓin ba mai kauri ba ne.

Wannan shi ne abin da Shell da Mobil suka gani. A 2017, lokacin da gwamnan Sakkwato na wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya je hedikwatar NNPC neman a duba yankinsa, yana da ƙwaryar da zai nuna a taswira. Dokar 2021 ma da ta ware kashi 30 cikin 100 na wani kaso na ribar NNPC don neman mai a sababbin wurare, irin waɗannan ƙore take nufi. Saboda haka duk wanda ya zo wa mutumin Kurfi ko Dutsin-Ma da maganar ya sayi fili don za a haƙo mai, ko ya kawo kuɗin fom na aikin kamfanin mai da za a kafa a garin, to a tambaye shi lambar lasisin da sunan ƙwaryar.

Duk da haka, tarihin nan ya shafe mu, domin jiharmu tana bakin ƙwaryar Sakkwato, kuma akwai wasu ma'adinan a ƙasarmu da dokarsu ta yi kama da ta mai. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Mai gona diyyar amfanin gona da gini kawai yake samu. Jihar da ake haƙowa a cikinta tana da kashi 13 cikin 100, dokar 2021 kuma ta tanadi kashi uku cikin 100 na kuɗin gudanar da aikin kamfani ga al'ummar wurin. Waɗannan abubuwa tun ranar da ake shata layin farko a gona ya kamata hakimai da dagatai da manoma da makiyaya su san su, su tambayi inda layin zai bi, da wata nawa za a yi, da abin da zai sami burtali da rijiyoyin sha. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni daga ɓarnar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ita kuwa Oloibiri da aka fara da ita, man ya ƙare an bar ta da rijiya a rufe. Abin da ya faru a Magumeri kuma ya isa ya nuna cewa ba mai shimfiɗa na'ura a dajin da ba tsaro, mu kuwa mun san halin da 'yan bindiga suka jefa ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu.

Kammalawa

Dutsen da ya hana mu mai bai bar mu hannu rabbana ba. A kan irin wannan ƙasa aka datse kogin Karaɗuwa aka gina madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, amma sai da ta shafe fiye da shekara talatin ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba, ta fuskar noman rani da ruwan famfo. Wannan arziki ne da ba ya buƙatar jirgin awo ko rijiyar gwaji, yana nan kwance kowa na ganinsa. Ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011. In yaranmu suka dage da karatun kimiyya, to ko a Kolmani aka haƙa ko a Agadem, za a iya samun ɗan Kurfi a cikin masu karanta hoton ƙasar.

Allah Ya albarkaci ƙasarmu, Ya zaunar da ita lafiya, Ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙon amana. Wassalamu alaikum.